Tukunyar da Ta Ɓace a Kufan Ganta

Praise ce ta fara gani. Da safe, lokacin da suke hawa, ta zauna a kan wani dutse ta zana tukwanen da ke kan kaburbura a littafinta, don malamarsu ta tarihi ta ce kowa ya dawo daga dogon hutu da labarin wani wuri na da. Goma sha ɗaya ta zana. Da azahar, suna saukowa, ta tsaya ta sake dubawa, sai ta ga goma. A gurbin ta ƙarshe, can gefen ganuwa, wani ƙoƙo ne a kife.

"Baba, ɗaya babu," in ji ta.

Babanta Haggai mataimakin shugaban wata makarantar sakandare ne a Kaduna, irin mutanen nan da ba sa ganin laifi su bar shi ya kwana ba mai shi. Shi ya ɗauko hayar bas a wannan Agustan na 2005, ya kwaso matarsa da 'ya'yansa don su ga Kufan Ganta, tsohon garin kakanninsu da ke kan dutse bayan Dabai, inda mutanen da suka jera ganuwar duwatsu suka tare mahara masu dawaki. Tafiyar kuma ta haɗa da wani abu: daga nan za su wuce da tsohuwarsa Kaduna, ta bar ƙauye ke nan gaba ɗaya. Haggai ya koma ƙololuwar dutsen, inda waya ke kamawa, ya kira 'yan sanda a Zuru.

Sufeto Nagoggo ne ya zo, shi kaɗai a kan babur. Mutumin Argungu ne, shekararsa uku a Zuru. Tun da matarsa ta rasu ya nemi a canja masa wurin aiki, aka canja. Ɗaki ɗaya gare shi a bariki, kwano ɗaya, cokali ɗaya. Ranar Asabar ce, ba ma shi ke kan aiki ba, amma ya karɓi kiran da sauri, domin zaman ɗakin nan ya fi kowane aiki nauyi.

Ya tarar Haggai ya riga ya gama shari'a. Ya zaunar da wani tsoho a ƙasa yana tsaye a kansa kamar ɗalibin da ya makara.

"Sufeto, ba sai ka wahala ba. Ga shi nan. Sila sunansa, shi ke gadin wurin, shi ya zaga da mu. Muna can sama yana nuna mana inda ake gangaro wa mahara duwatsu, ya ɓace mana kusan minti ashirin. Ka san dillalan nan da ke bin ƙauyuka suna sayen kayan tarihi. Irinsa ne ke sayar musu."

Nagoggo ya dubi tsohon. Ya kai saba'in, siriri, ƙafafunsa sun yi kaushi kamar bayan itace. Shi kaɗai ya rage a kan dutsen tun da mutane suka sauka gindi shekaru da yawa, kuma ba shi da ko rumbu a ƙasa. In aka kai shi kotu, ko an sake shi daga baya, dagaci ba zai bar shi ya sake kwana kusa da kaburburan ba. Ga mutum irinsa, saukar da shi daga dutsen nan da binne shi duk ɗaya ne.

"Bari in ga wurin tukuna," in ji Nagoggo.

Kaburburan suna cikin ganuwa, a wani fili mai ciyawa. A kan kowane akwai tukunyar yumɓu da aka dasa a kife, aikin hannun matan da. Damina ta lulluɓe su da gansakuka. Akwai mai siffar giwa, akwai mai kan ɓauna, akwai wata doguwa da aka yi wa fuskar mutum har da tsaga. Nagoggo ya karɓi littafin Praise ya duba ta goma sha ɗaya. Ƙarama ce, ba giwa ba ɓauna, ba wani ado sai jerin tabon yatsa da ya zagaye wuyanta.

Ya tsuguna. Ba a fizge tukunyar ba, an tone gefenta ne a hankali aka ɗaga. Duk sauran kaburburan ciyawa ta kai gwiwa, wannan kaɗai ne a share tas. Ya ɗaga ƙoƙon ya sansana. Warin nono.

Hanyar da iyalin suka biyo ta gabas ce, doguwa mai zagaye. Amma kusa da kabarin akwai wata 'yar kafa a jikin ganuwa, matsattsiya, gajeruwa, an ɗora mata faffaɗan dutse a sama.

"Ƙofar mata ke nan," in ji Praise, tana karantawa daga littafinta. "Baba Sila ya ce ta nan suke sauka ɗiban ruwa. An matse ta ne don kada doki ya shiga."

Nagoggo ya daɗe a bakin ƙofar. A can sama, ƙarƙashin faffaɗan dutsen, yanar gizo na nan ba abin da ya taɓa ta. A dutsen gefe kuwa, daidai ƙirjinsa, akwai sabon gogen gansakuka kore, da jan yumɓu a ciki. Ya leƙa. Hanyar ta gangara kai tsaye, ta ratsa laka a bakin rafi, ta ɓulle kusa da inda aka ajiye bas. Mai ƙarfi zai sauka cikin minti goma.

Ya dawo wurin Sila, ya ce Haggai ya ɗan ba su wuri, sannan ya tambayi tsohon da Hausarsa ta Argungu.

"Baba, ina kat tahi da ka bar su?"

"Duba amya. Zumata na can bayan dutse."

"Daga can ana hangen kaburbura?"

Tsohon ya kalli ƙafarsa.

"Ka ga wani?"

"Rubuta ni ne."

"To, ina tukunyar?"

"Na jefa a rafi."

"Kabarin wa na?"

"Na yayana. Manga."

"Wa ka share shi?"

"Ni."

"Ina na uwarku?"

Sila ya nuna da haɓa. Kabari ne na kusa, ciyawa ta rufe shi har tukunyar ba ta fitowa sosai.

"Ka share na yayanka, ka bar na wadda ta haihe ka cikin haki?"

"Na ce ka rubuta ni ne, Yallaɓai. Ba shi ke nan ba?"

Nagoggo bai rubuta komai ba. Ya sha ganin mai laifi yana rantsuwa bai yi ba. Marar laifi da ke roƙon a ɗaure shi, wannan sai an tsaya an duba wa yake tsaye wa.

Ya bi ta ƙofar mata ya sauka, sai da ya sunkuya, kuma kansa ya kwashe yanar gizon. Takalminsa ya nutse a lakar rafi har idon sawu. A gindin dutse ya sami Bilki, mai tallan fura da nono daga rugar da ke ƙetaren rafi, ta ajiye ƙwaryarta tana jiran ganin ƙarshen taron. Tana ganin ƙoƙon a hannunsa ta miƙe.

"Ai nawa ne wannan. Ga zanen da na yi masa a baki."

"Yaya ankai ya hau dutse?"

"Ni ma abin da nake so in ji ke nan. Da hantsi na dama wa direba fura a ciki, bayan mutanen sun hau. Na ce ya sha, in na dawo daga wurin masu noma in karɓa. Na dawo, ba ƙoƙo, shi kuma yana ta minshari."

"Masu noman za su shaide ki?"

"Sun fi goma. Je ka tambaye su, har yanzu suna can. Mu me za mu yi da tukunyar matattu? Ko ruwa ba ta riƙewa."

Ya dubi ƙafarta, ya dubi gonar da ta nuna, can nesa ta wajen yamma, inda har yanzu ake hango mutane a duƙe. Ya ce ta yi haƙuri da ƙoƙon na ɗan lokaci. Ta ce haƙuri ai shi ne sana'ar mai talla.

Direban, Francis, yana jingine da motarsa, yana ta goge gumi.

"Oga, wallahi ni ko dutsen ban taka ba. Na sha fura, na ajiye ƙoƙon nan a matakalar mota, na kwanta a kujerar baya. Tun asuba nake tuƙi."

"Awa nawa ka yi kana kwana?"

"Zai kai ɗaya da rabi."

"Ɗaga ƙahwarka."

Takalmin fata ne baƙi, yana ƙyalli, ko ɗigon laka babu. Ƙafar wandonsa ma a bushe.

"Wa ya rage nan ƙasa ban da kai?"

"Ba kowa. Sai Mama."

"Ba ta hau ba?"

Francis ya yi dariya. "Haba, Oga. Mama da ƙyar muka ɗora ta a motar nan. Ta ce ƙafafunta ba za su iya ba. Tana zaune gindin ɗorawar can na yi barci, tana zaune a wurin na farka."

Nagoggo ya leƙa bayan bas ɗin. Kayan tsohuwa ne jibge: buhun dawa, turmi, tabarma a naɗe, da wani babban kwando cike da tukwanen girki an rufe shi da zane. Ya kalli kwandon, bai taɓa shi ba.

Tsohuwar, Mama Keziah, tana zaune a kan saiwar ɗorawa, sandarta a gefe. 'Yar ƙarama ce, ba ta kai kafaɗar jikarta ba. Sanye take da farar rigar zumuntar matan coci, kuma duk da zafin da ake yi bayan ruwan jiya, ta yafa wani zane mai kauri a kafaɗar hagu. Gefen zanen da ta ɗaura ya jiƙe, ya yi ja.

Nagoggo ya zauna a ƙasa, ɗan nesa da ita. Ya gaishe ta, ya tambayi gajiya, ya tambayi damina, ya tambayi jikoki. Ta amsa duka tana kallon dutsen.

"Inna, an ce yau za ki Kaduna."

"Haka suka ce."

"Kin taɓa zuwa?"

"Sau ɗaya. Gidan sama ne. In sun tafi aiki sai su kulle ƙofa. Ba mai jin yarena sai Haggai, shi ma rabi-rabi."

Nagoggo ya san irin wannan ɗakin, a cikinsa yake kwana.

"Inna, Baba Sila ya ce shi ya ɗauki tukunyar. Ya ce in rubuta. In na rubuta, yau zai kwana a Zuru, kuma ba zai sake hawa dutsen nan ba."

Ta juyo ta dube shi karo na farko.

"Shi ya ce haka?"

"Har sau biyu."

"Wawa ne tun yana yaro," in ji ta. "Kira mini Haggai. Ka kira Sila ma."

Da suka sauko, iyalin suka tsaya a inuwar ɗorawa. Haggai na ta duba agogo, yana cewa dare zai yi musu a hanyar Kontagora. Tsohuwar ba ta kula shi ba. Ta juya ta fuskanci Nagoggo.

"Faɗa musu yadda ka gane. Ina so in ji ni ma."

Nagoggo ya miƙe ya kakkaɓe wando.

"Malam Haggai, ɓarawon da ka neman abin saidawa giwa zai ɗauka, ko mai kan ɓauna. Ba ya tsallake su ya tahi ga wadda ba ta da ado. Kuma ba ya tsayawa ya kihe ƙoƙo a gurbi. Wanda ya yi haka ya san ba a barin kabari kai buɗe, kuma ya damu da wanda ke ciki. Baba Sila ya san wannan, amma shekara talatin yana kwana da tukwanen ga shi kaɗai, ba ya jiran ranar baƙi sannan ya ɗauka. Kuma ƙoƙon daga nan ƙasa ya hau, bayan kun riga kun hau tare da shi. Bilki na gona, da shaidu. Direba takalminsa bai ga laka ba."

"To waye? Aljani?" in ji Haggai.

"An bi da tukunyar ta ƙofar mata. Yanar gizon da ke sama ba ta tsinke ba, ke nan mai ɗaukar gajere na, kuma ba a ka ya ɗauka ba. Da rungume ta anka yi a gaba, da ba ta gogi gehe ba. Ta gogi dutse daidai ƙirjina. Shekarata uku ina zama bakin kasuwar Zuru ba ni da abokin hira, sai kallo. Yaran yanzu a ka suke ɗaukar kaya. Tsohin matan dutse kuwa, a kahwaɗa."

Mama Keziah ta sa hannu ta janye zanen da ta yafa. A kan farar rigar, a kafaɗar hagu, ga koren gansakuka da jan yumɓu, faɗin tafin hannu biyu.

"Mama?" in ji Haggai.

"Tana cikin kwando, ƙarƙashin tukunyar miya. Ba sata na yi ba. Ni na gina ta."

Ta nuna saiwar ɗorawa, ɗanta ya zauna, mataimakin shugaban makaranta guda, kamar yaron da aka ce ya jira.

"Kafin babanka akwai Manga. Golmo ya yi mini. Kai ba ka san golmo ba sai a baki. Shekara bakwai saurayi zai yi yana noma gonar uban yarinya da abokansa kafin a ba shi ita. Manga ya yi shida. A damina ta shida, yana huɗa a gonar babana, maciji ya sare shi. Kafin rana ta faɗi ya tafi. Ni ba matarsa ba, ba a ba ni wurin zaman makoki ba. Ba ni da suna a gidansu. Abin da na iya shi ne yumɓu. Ban iya giwa ba, yarinya ce ni. Sai na danna yatsana a wuyanta, na zagaye. Sila ne ya dasa mini ita, yana ɗan shekara goma sha biyar."

Ta numfasa.

"Babanka ya dawo daga soja ya aure ni, mutumin kirki ne, ban taɓa rage masa komai ba. Muka shiga coci. Amma kowace damina sai na hau ta ƙofar mata na cire ciyawa. Shekara hamsin da biyar. Yau da ka ce mu hau, na ce ƙafata. Ƙarya na yi. Ban iya in tsaya a wurin kana bayani da kyamara ba. Da na ga kun wuce sama, na ce wa zai san ni a Kaduna? Ko wannan in ajiye a ƙarƙashin gado, in sun kulle ƙofa in sami wanda zan yi wa magana."

Matar Haggai ta juya baya tana share ido. Haggai ya cire tabarau ya rasa inda zai sa shi. Can ya tashi, ya je gaban Sila, ya durƙusa a laka da wandonsa mai guga.

"Baba, na zalunce ka. Ka yafe mini."

"Tashi, ɗana. Ba ka sani ba ne." Sila ya juya ga tsohuwar. "Keziah, tafi da ita. Daga wurin amya na gan ki. Na ce in an ɗaure ni ma ba komai, ke dai ki tafi da ita."

Francis ya sauko da kwandon. Ta ɗaga tukunyar miya, ta fito da ƙaramar, ta riƙe ta a cinya. Ta bi tabon yatsun da ke wuyanta ɗaya bayan ɗaya. Yatsan yarinya ne, nata na yanzu ya fi ƙarfin ramin.

Sai ta ɗaga kai ta dubi Sila, ta daɗe tana dubansa.

"In na tafi da Manga, kai da wa za ka rage?"



Ta miƙe ba tare da sanda ba, ta ɗora tukunyar a kafaɗa. Haggai ya miƙa hannu zai karɓa, ta ce namiji ba ya bin ƙofar mata da kaya. Suka tsaya suna kallonta ta ratsa laka, ta kama hawa, a hankali, ba ta tsaya ba sai da ganuwa ta ɓoye ta. Ta fi rabin awa a can. Da ta sauko, hannunta duk ƙasa, ta karɓi ƙoƙon daga hannun Nagoggo ta miƙa wa Bilki, ta ce ta yafe mata. Bilki ta juya ƙoƙon, ta mayar mata.

"Riƙe, Inna. Kya sha ruwa da shi a can."

Nagoggo ya buɗe littafinsa ya rubuta layi ɗaya: an sami kayan a inda yake, mai ƙara ya janye. Bas ta tashi. Tsohuwar na kujerar taga da ƙoƙo a cinya, ba ta ɗaga wa kowa hannu ba, dutsen kawai take kallo har suka sha kwana.

Bilki ta ɗauki ƙwaryarta ta ƙetare rafi. Aka bar mutum biyu a gindin ɗorawa.

"Baba, ban da ita, wa ka hawowa wurinka?"

"Baƙi, in an yi hutu."

"Wanda ya san ka nike nuhi."

Sila ya yi ɗan murmushi. "Ita ke nan."

Nagoggo ya tuna kabarin matarsa a Argungu da shekara uku ke nan bai je ya gani ba, ya ji kunya ta kama shi. Ya je wurin babur, ya sa makulli, ya tsaya. A bariki ba abin da ke jiransa sai kwano ɗaya.

"Akwai sauran tuwon dawa a sama," in ji Sila, ba tare da ya dube shi ba. "Da zuma. Sai dai hawan da nisa."

Nagoggo ya zare makullin ya sa a aljihu, ya bi bayan tsohon.